An Kori Ƙara, Suna Ya Rage: Tarihin Karkatar da Shari'a a Amurka

A watan Agusta na shekarar 1841, wani mai sana'ar ɗinkin takalma a birnin Boston, John Augustus, ya shiga kotun 'yan sanda ya tarar an gurfanar da wani mutum da ake zargi da zama riƙaƙƙen mashayin giya. Makomar irin wannan mutum a wancan zamani sananniya ce, wato gidan kaso. Augustus ya ja shi gefe suka yi magana, mutumin ya yi alkawarin barin kwalba idan aka yi masa rai, sai mai takalman ya roƙi alƙali ya ba shi belinsa. Bayan mako uku ya dawo da shi gaban kotu cikin hayyacinsa. Alƙali ya ci shi tarar senti ɗaya, aka haɗa da kuɗin kotu jimla ta kama dala 3.76, aka sallame shi. Kafin rasuwar Augustus a 1859, ya tsaya wa mutum kusan 2,000 ta wannan hanya, kuma a 1878 jihar Massachusetts ta mayar da aikin nasa doka, ta samar da jami'in da ake biya albashi don sa ido kan masu laifin da aka bari a gida.

Jikin mutumin Augustus ya ceto daga kurkuku. Sunansa kuwa ya shiga littafin kotu a matsayin wanda aka samu da laifi, sai dai hakan bai dami kowa ba sosai, domin littafin yana cikin kabad a Boston, kuma duk wanda ya tattara komatsansa ya nufi yamma ya bar tarihinsa a baya. A yau lamarin ya juye. Da yawa daga cikin waɗanda aka kama karon farko da ƙaramin laifi ba sa daɗewa a tsare, amma rubutun da aka yi a kansu yana bin su wurin neman aiki, da hayar gida, da lasisin sana'a, da ofishin shige da fice. Wannan damuwa ce ta haifi tsarin karkatar da ƙara kafin shari'a. Mai gabatar da ƙara zai jingine tuhuma na wani lokaci, wanda ake tuhuma ya cika wasu sharuɗɗa, kamar jinyar shaye-shaye ko aikin al'umma ko biyan diyya, idan ya cika a kori ƙarar ba tare da an same shi da laifi ba. Tarihin tsarin ya nuna cewa korar ƙara ta fi goge sawunta sauƙi nesa ba kusa ba.

Lokacin da takarda ta koyi tafiya

A 1924 hukumar bincike ta tarayya, wadda daga baya aka sani da FBI, ta buɗe sashen tantance mutane a Washinton, ta tattara katunan zanen yatsu fiye da 800,000 wuri guda. Daga nan 'yan sandan garuruwa suka riƙa aika mata katin wanda suka kama, su kuma karɓi bayanin abin da aka taɓa rubutawa a kansa a wasu jihohi. Abin lura shi ne ranar kamu ake buga katin, tun kafin alƙali ya ga fuskar mai shi. Da haka aka samu rubutu iri biyu da ba lallai su dace da juna ba: na 'yan sanda, mai cewa an kama wane, da na kotu, mai faɗin yadda aka ƙare.

Shekara goma sha biyu bayan haka, a 1936, wani jami'in sa ido na kotun tarayya da ke unguwar Buruklin a birnin Niyok, Conrad Printzlien, ya damu da yadda ake maƙala wa yara tambarin masu laifi tun suna ƙanana. Ya shawo kan masu gabatar da ƙara su riƙa ajiye takardun yaron da bai taɓa laifi ba a aljihun tebur, a sa masa ido na wani lokaci, idan ya kama kansa a rufe maganar, idan ya kuskure a ɗauko takardun. Wannan dabara, da aka riƙa kira tsarin Buruklin, ita ce kakar karkatar da ƙara a kotunan tarayya. Bambancinta da aikin Augustus yana cikin lokacin da ake yin sassaucin. Augustus yakan shigo ne bayan laifi ya tabbata, shi kuwa Printzlien yana tsayar da shari'ar ne kafin ta kai ga haka.

Hujjar ilimi ta biyo baya. A 1962 masana zamantakewa biyu, Richard Schwartz da Jerome Skolnick, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da masu ɗaukar ma'aikata 100 a yankin otal-otal na tsaunukan Catskill a jihar Niyok. An raba su gida huɗu, kowane gida mutum 25, aka nuna musu takardar neman aikin lebura iri ɗaya, sai dai tarihin mai neman ya bambanta. Inda babu wani tarihin laifi, mutum tara suka nuna sha'awa. Inda aka ce an same shi da laifin duka, mutum ɗaya kacal. Inda aka ce an tuhume shi amma kotu ta wanke shi, mutum uku, sai suka zama shida da aka haɗa da wasiƙar alƙali mai tabbatar da wankewar. Ma'ana, a idon mai ba da aiki, wanda aka wanke ya fi kusa da mai laifi fiye da wanda ba a taɓa kamawa ba. Tuhumar kanta kashin kaji ce.

Shekarun bunƙasa

A wannan yanayi ne tsarin ya tsallaka daga yara zuwa manya. A 1965 mai gabatar da ƙara na gundumar Genesee a jihar Michigan, Robert Leonard, ya kafa shirin da ke karɓar waɗanda suka yi laifin farko marar tashin hankali a birnin Flint. A 1967 kwamitin da Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa kan sha'anin laifuka ya ba da shawarar a riƙa zaƙulo waɗanda suka fi buƙatar magani ko aiki, a kauce da su daga kotu tun da wuri. A 1968 Cibiyar Vera ta Niyok, da kuɗin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, ta fara wani shiri a kotun Manhatan, inda ake ɗage shari'ar matashi marar aiki na wata uku, a yi masa nasiha, a nema masa abin yi, idan ya dage a roƙi alƙali ya kori ƙarar. Jihar New Jersey ta shigar da tsarin cikin ƙa'idojin kotunanta a 1970, Pennsylvania ta bi sahu a 1972. Dokar miyagun ƙwayoyi ta tarayya ta 1970 ma ta buɗe ƙofa ga wanda aka kama karon farko da ɗan abin da zai sha: a sa masa ido har zuwa shekara guda, a kori ƙarar, idan kuma bai wuce shekara 21 ba a goge rubutun. Duk da haka dokar ta umarci Ma'aikatar Shari'a ta riƙe kwafin sirri, don kada mutum ya ci wannan alfarma sau biyu.

Tun a nan aka ga cewa kalmar karkatarwa tana ɗauke da abubuwa mabambanta. Jihar Niyok ta samar da nata salon a 1971, wanda ba ya buƙatar mutum ya amsa laifi. Ana ɗage shari'a, yawanci na wata shida, idan ba a sake jin ɗuriyarsa ba ƙarar ta mutu da kanta. Wata doka ta 1976 ta ƙara da cewa a rufe takardun, a lalata ko a mayar masa da zanen yatsunsa da hotunansa, kuma a ɗauke shi a idon doka kamar ba a taɓa kama shi ba. Jihar Teksas ta bi wata hanya dabam. A can mutum zai amsa laifi a gaban alƙali, alƙali ya jingine furta hukunci, bayan cika sharuɗɗa a kori ƙarar. Ba a same shi da laifi ba a hukumance, amma amsawar tana nan a fayil ɗin kotu, kowa na iya gani. Sai a 2003 jihar ta samar da hanyar neman umarnin kotu na ɓoye irin wannan fayil daga jama'a, shi ma sai mutum ya nema kuma ya cancanta.

Abin da kotuna suka ƙi bayarwa

Wanda aka kori ƙararsa yana da haƙƙin a manta da shi? Shari'o'i biyu na shekarun 1970 suka amsa wannan tambaya. A 1965 'yan sandan Los Angeles suka kama wani ɗalibi ɗan shekara 19, Dale Menard, bisa zargin fasa gida, suka tsare shi kwana biyu, suka sake shi don babu hujja. Katin yatsunsa kuwa ya riga ya isa Washinton. Ya shafe shekaru yana shari'a kafin kotun ɗaukaka ƙara ta umarci FBI ta cire shi daga kundin masu laifi a 1974. A tsakiyar shari'ar, a 1971, Alƙali Gerhard Gesell ya yanke cewa hukumar ba ta da hurumin raba irin wannan bayani ga masu ɗaukar aiki a wajen gwamnatin tarayya. Majalisar Dokoki ba ta ɓata lokaci ba, ta ba hukumar wannan hurumi game da bankuna da hukumomin ba da lasisi na jihohi, ta tabbatar da shi a dokar 1972. Menard ya ci nasarar kansa, amma ƙofar da ya so rufewa ta ƙara buɗewa.

Shari'a ta biyu ta fito ne daga birnin Louisville na jihar Kentucky. Gabanin Kirsimetin 1972 shugabannin 'yan sanda suka raba wa 'yan kasuwa kimanin 800 takarda mai hotunan waɗanda suka kira ɓarayin kanti. A cikinsu akwai wani mai ɗaukar hoto na jarida, Edward Davis, wanda aka taɓa tuhuma amma ba a same shi da laifi ba, kuma jim kaɗan bayan raba takardar aka kori ƙarar tasa. A 1976 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar kan uku, ta ce ɓata suna kaɗai bai taɓa wani haƙƙi da tsarin mulki ya kare ba, kuma kamu al'amari ne na hukuma da za a iya bayyanawa. Tun daga nan, rufe tarihin wanda aka karkatar da ƙararsa ya zama kyautar da kowace jiha ke bayarwa gwargwadon ganin damarta.

Sanyin gwiwa da sabon salo

A ƙarshen shekarun 1970 Cibiyar Vera ta auna shirinta na Manhatan da ma'auni mai tsauri. Ta hanyar ƙuri'a aka raba waɗanda suka cancanta gida biyu, wasu suka shiga shirin, wasu aka bar su da kotu. Sakamakon, wanda ya fito a 1981, bai yi daɗi ba. Babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin gidajen biyu ta fuskar sake kamu ko samun aiki, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka bari da kotu an kori ƙararsu ko an yi musu sassauci ba tare da wani shiri ba. Wannan ya ƙarfafa sukar da masana irin su Franklin Zimring suka fara tun 1974, cewa ba a san ainihin abin da shirye-shiryen ke canjawa ba. Wasu suka ƙara da cewa tsarin yana faɗaɗa koma ne kawai, yana jawo waɗanda da an sallame su cikin watannin sa ido. Siyasar ƙasar ma ta karkata ga tsanani, kuma hukumar tarayya da ke ɗaukar nauyin yawancin shirye-shiryen ta rufe a 1982.

Tsarin ya farfaɗo a 1989, lokacin da aka buɗe kotun masu shaye-shaye ta farko a Miami, zamanin da Janet Reno ke shugabantar masu gabatar da ƙara na yankin. Irin waɗannan kotuna sun yaɗu zuwa dubbai, sai dai da yawansu sun rungumi salon a fara amsa laifi kafin a shiga. Dalilin masu gabatar da ƙara a fili yake: idan mutum ya gaza bayan shekara guda, shaidu sun watse, amma amsawarsa tana hannu, sai hukunci kawai.

Wannan salo ya zama tarko ga baƙi a 1996. A shekarar Majalisa ta rubuta wa dokar shige da fice ma'anarta ta kanta game da samun mutum da laifi. Ko da alƙali bai furta hukunci ba, muddin baƙo ya amsa laifi ko ya amince da bayanan da suka isa a same shi da laifi, kuma aka ɗora masa wani horo ko takura, to a wurin hukumar shige da fice an same shi da laifi. A 1999 kwamitin ɗaukaka ƙara na shige da fice ya yanke cewa gogewar da jiha ta yi don gyaran hali ba ta kankare wannan. A 2017 kwamitin ya yi aiki da ƙa'idar kan wani ɗan asalin Somaliya mai izinin zama na dindindin, wanda ya sa hannu kan yarjejeniyar karkatar da ƙara a Teksas tare da rantsuwar amsa laifi. Wanda ya yi haka yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago, ya tsira daga kurkukun jiha a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu. Ko da yake Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauyoyi, a shari'ar Padilla ta 2010, su faɗa wa baƙo haɗarin kora kafin ya amsa laifi, ɗalibai da ma'aikata 'yan Najeriya da Nijar da Gana da ke can suna ƙarƙashin wannan ƙa'ida kamar kowane baƙo. Takardar neman biza tana tambayar ko an taɓa kama mutum, ko da an yafe masa, takardar neman zama ɗan ƙasa kuma tana tambaya ƙarara ko an taɓa sa shi cikin shirin karkatar da ƙara.

Zamanin kwamfuta

Abin da ya fi canja ma'anar tsarin bai fito daga majalisa ba. Daga shekarun 1990 kotuna suka mayar da fayilolinsu cikin kwamfuta, kamfanonin binciken tarihin mutane suka riƙa sayen bayanan a dunƙule suna sayar wa masu ɗaukar aiki da masu gidajen haya. Magana zarar bunu ce. Sunan da aka kwafa ranar Litinin yana nan a rumbun kamfani ko da alƙali ya rufe fayil ɗin bayan wata shida. Dokar tarayya ta 1970 kan rahoton masu mu'amala ta hana irin waɗannan kamfanoni ambaton kamun da ya wuce shekara bakwai, ban da ayyuka masu albashin dala 75,000 zuwa sama, wanda ke nufin a cikin shekara bakwai ɗin ƙarar da aka kora tana iya fitowa. Kundin gwamnati ma ba shi da cikar da ake zato. Wani rahoton Ministan Shari'a na 2006 ya nuna cewa kimanin rabin bayanan da ke hannun FBI ba su ɗauke da yadda shari'ar ta ƙare. Mai karanta irin wannan rahoto yana ganin kamu, ba ya ganin sallama.

Duk da waɗannan ramuka, bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa kauce wa tambarin mai laifi yana da nauyi ƙwarai. Masana tattalin arziki Michael Mueller-Smith da Kevin Schnepel sun nazarci gundumar Harris ta Teksas, inda birnin Houston yake. Sau biyu yawan karkatar da ƙara ya canja farat ɗaya a can: ya faɗi a 1994 saboda gyaran dokar laifuka, ya tashi a 2007 bayan masu zaɓe sun ƙi amincewa da kuɗin faɗaɗa gidan yari. Da suka kwatanta waɗanda aka tuhuma da babban laifi karon farko dab da kowane canji da waɗanda suka zo dab bayansa, sai suka ga karkatarwa ta rage sake aikata laifi da kusan rabi, ta kuma ɗaga samun aiki da kusan rabi cikin shekara goma. Wannan a Teksas ke nan, inda fayil ɗin ba ya ɓoyuwa da kansa. Saɓanin da ke tsakanin wannan da sakamakon Vera ba abin mamaki ba ne, domin mutanen Houston hukuncin babban laifi ne ke jiransu da gaske, kuma a zamanin da kowane mai ba da aiki ke iya bincike daga kan teburinsa.

Sai dai ba kowa ke samun ƙofar a buɗe ba. A 2016 jaridar New York Times ta duba shirye-shirye 225 a jihohi 37, ta gano cewa a wurare da dama sai an biya kuɗin shiga da na darussa da na gwajin fitsari, wanda bai iya biya ba kuma a mayar da shi kotu. A ɗaya gefen, manyan kamfanoni sun gane amfanin dabarar. A 2012 bankin HSBC ya amince ya biya kimanin dala biliyan 1.9 kan zargin barin kuɗin masu fataucin ƙwaya su ratsa ta cikinsa, aka jingine tuhumar shekara biyar, aka kore ta a 2017. A kotun tarayya ta Buruklin aka shigar da yarjejeniyar, wato inda Printzlien ya ƙirƙiro tsarin don yara.

Gyaran da ake yi yanzu ya mayar da hankali ne kan takardar kanta. An lura cewa idan aka ce sai mutum ya nema da kansa, ƙalilan ne ke nema. Binciken J.J. Prescott da Sonja Starr a Michigan ya nuna cewa kashi 6.5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka cancanci a goge musu hukunci suka samu cikin shekara biyar, alhali albashin waɗanda suka samu ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekara guda. Saboda haka a 2018 Pennsylvania ta zama jiha ta farko da ta kafa dokar rufe tarihi kai tsaye, inda kwamfutar kotu ke ɓoye ƙararrakin da ba su kai ga hukunci ba ba tare da kowa ya rubuta takarda ba. Jihohi da dama sun bi ta.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga garin Augustus. Amanda Agan da Jennifer Doleac da Anna Harvey sun nazarci ƙananan laifuka marasa tashin hankali a gundumar Suffolk, inda Boston take, suka wallafa a 2023. Sun tarar cewa waɗanda masu gabatar da ƙara suka ƙyale tun ranar farko, kafin sunansu ya shiga kundin laifuka na jiha, yiwuwar sake tuhumarsu cikin shekara biyu ta ragu da fiye da rabi, kuma tasirin ya fi girma ga waɗanda ba su taɓa laifi ba. Ba a yi musu darasi ba, ba a sa musu ido ba, rubutun ne kawai ba a yi ba. Don haka lauya mai hankali, kafin ya bar wanda yake karewa ya sa hannu kan yarjejeniyar karkatarwa, yakan bincika ko za a nemi ya amsa laifi, ko fayil ɗin zai rufe da kansa ko sai an nema, da kuma waɗanne hukumomi za su ci gaba da ganinsa bayan an rufe. Amsoshin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, wani lokaci daga gunduma zuwa gunduma, kuma su ne ke tantance ko wanda ya yi kuskuren farko zai fita daga kotu da sunansa kamar yadda ya shiga da shi.